Wa Makaranta Ke Yi Wa Aiki?

Duk hukumar da ta gina aji ta zuba yara a ciki, ta riga ta amsa wata tambaya ta siyasa, ko ta sani ko ba ta sani ba: wane irin mutum take so ta mulka nan da shekara ashirin? Mai bin umarni, ko mai neman dalili? Mai sana'a a hannu kawai, ko wanda za a iya zama da shi a yi shawara kan yaƙi da haraji da shari'a? Shi ya sa da wuya ka sami babban masanin falsafar siyasa da bai tsoma baki a tarbiyyar yara ba. Aristotal, a ƙarshen littafinsa kan siyasa, cewa ya yi babu abin da ya kamata mai tsara doka ya fi mayar da hankali a kai kamar karatun matasa, domin kowane tsarin mulki yana da irin halin da ke riƙe da shi, in aka yi sake da wannan hali tsarin ya lalace.

Wanda ya fara ɗaukar maganar da zafi shi ne malaminsa Aflatun, kuma yana da dalili. A shekara ta 399 kafin Miladiyya, a birnin Atens, aka gurfanar da Sukrat, malamin Aflatun, gaban kotun jama'a mai alƙalai kusan 500, waɗanda ba don sanin shari'a aka ɗauko su ba, ƙuri'a ce ta faɗa kansu. Laifi biyu aka ɗora masa: ƙin girmama allolin birnin, da ɓata tarbiyyar matasa. Abin da yake yi kuwa shi ne tare mutane a dandali yana tambayarsu mene ne adalci, mece ce jarumtaka, har sai wanda ke ganin ya sani ya gane bai sani ba. Masu rinjaye suka ce a kashe shi, aka ba shi guba ya sha. Aflatun bai kai shekara talatin ba a lokacin, kuma abin ya tsaya masa a rai har ƙarshen rayuwarsa: mulkin jama'a ne ya kashe mutumin da yake ganin ya fi kowa adalci a zamaninsa.

Sai ya kwatanta ƙasa da jirgin ruwa. Mai jirgin ƙato ne mai ƙarfi, amma kunnensa da nauyi, ba ya gani da nisa, bai kuma san teku ba. Ma'aikatan jirgin suna ta rigima kan wa zai tuƙa, kowa na yi wa mai jirgi daɗin baki, wanda kuwa ya san taurari da iska da lokutan shekara, shi ake kira marar amfani mai kallon sama. Maganin da Aflatun ya kawo shi ne a ware 'yan kaɗan a yi musu doguwar tarbiyya: waƙa da motsa jiki da farko, sai shekara goma ta lissafi, shekara biyar ta muhawara, shekara goma sha biyar ta aikin soja da na hukuma, sannan a miƙa wa mutum ragama yana da shekara hamsin. Sauran jama'a kuma a ba su wata tatsuniya, cewa an halicci wasu da zinariya a jikinsu, wasu da azurfa, wasu da ƙarfe da tagulla, don kowa ya tsaya inda aka ajiye shi. Alfarabi, wanda ya rasu wajajen 950, ya shigo da wannan hoto cikin falsafar Musulmi, inda shugaban birni nagari ya zama malamin al'ummarsa.

Ba zan yi saurin watsi da Aflatun ba. Mulki yana buƙatar sani, kuma yawan hannuwan da aka ɗaga ba ya mayar da ƙarya gaskiya. Amma misalin jirgin ya ɓoye abu guda. Matuƙi ya san yadda ake kai jirgi tashar da aka nufa. Wace tasha za a nufa kuwa, wannan ba ya cikin ilimin taurari, magana ce ta waɗanda ke ciki da dukiyarsu da 'ya'yansu. Aristotal ya lura da haka, ya ce wanda ke zaune cikin gida ya fi maginin sanin ko gidan ya yi kyau. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga kuma tambayar da ta rage: idan masanin nan ya karkace, wa zai gane, tunda an riga an hana sauran mutane irin karatun da za su gane da shi?

Tsawon ƙarnuka wannan gardama ba ta wuce zauren malamai ba, domin yawancin mutanen duniya ba su taɓa zama a makarantar hukuma ba. Abin ya canza ne da gwamnatoci suka fara tilasta karatu. Masarautar Purushiya, ɗaya daga cikin ƙasashen Jamusawa, ta kafa dokar makarantun firamare a 1763, amma maganar ba ta ɗauki zafi ba sai da Napoleon na Faransa ya ragargaza sojojinta a Jena a 1806. Daga ƙarshen 1807 zuwa farkon 1808, masanin falsafa Fichte ya tsaya a Balin, sojojin Faransa na cikin birnin, yana lacca cewa ƙasar da ta sha kashi a fagen fama daga aji za ta farfaɗo, kuma sabuwar tarbiyya ta ƙera yaro yadda ba zai ma iya son wani abu ba sai abin da aka tsara masa ya so. Faransa ta mayar da firamare kyauta a 1881, ta wajabta ta a 1882, ta cire darasin addini daga makarantun gwamnati, don ta samar da 'ya'yan jamhuriya masu harshe ɗaya. Alherin wannan ba ƙarami ba ne, miliyoyin 'ya'yan talakawa sun iya karatu a karon farko. Sai dai tun a 1859 John Stuart Mill ya yi kashedi cewa idan gwamnati ce kaɗai ke riƙe da makarantu, za su zama hanyar zubo mutane iri ɗaya sak, bisa fasalin da mai ƙarfi na lokacin ke so. Shawararsa ita ce hukuma ta tilasta iyaye su ilimantar da 'ya'yansu, ta biya wa marasa hali, amma kada ta kankane koyarwar.

Mulkin mallaka bai ma tsaya ɓoye-ɓoye ba. A 1835 Thomas Macaulay ya rubuta cewa burin karatun Turawa a Indiya shi ne samar da wani rukuni na mutane, Indiyawa a jini da launi, Ingilishi a ra'ayi da tunani, su zama tafintoci tsakanin masu mulki da miliyoyin da ake mulka. A Afirka ta Kudu, dokar ilimin baƙar fata ta 1953 an tsara ta ne don yaro ya tsaya a matsayin ɗan ƙwadago. Da yaran Soweto suka fito kan titi ranar 16 ga Yuni, 1976, saboda an tilasta musu koyon darussa da harshen Afirkans, sun fahimci abin da ake yi musu fiye da wasu masana, kuma harsashi aka amsa musu da shi.

Duk wannan magana ce kan abin da ake koyarwa da wanda ya tsara shi. Amma a ganina wanda ya taɓo jijiyar al'amarin shi ne Ibn Khaldun, a Muƙaddimar da ya rubuta a 1377, domin shi yadda ake koyarwar ya duba. Ya ce tsanantawa ga ɗalibi cutarwa ce, musamman ƙaramin yaro. Wanda aka raina da duka da tursasawa, zuciyarsa takan ƙuntata, kuzarinsa ya mutu, ya koyi kasala da ƙarya da nuna abin da ba shi ne a ransa ba don tsoron hannun da ke kansa. Wannan ya zame masa ɗabi'a, har ya rasa zuciyar kare kansa da gidansa, ya koma jiran wani ya yi masa. Sannan ya ƙara da maganar da ta fi nauyi: haka ya faru ga kowace al'umma da ta daɗe a hannun azzalumai. Wato ajin da ake mulka da tsoro da ƙasar da ake mulka da tsoro, hali ɗaya suke haifarwa.

A dubi abin a kusa. Malami ya rubuta wata ƙa'ida a allo, yara na kwafa. Wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ta yaya aka san haka ne?" Yana iya cewa, "Zauna, wannan ba ya fitowa a jarrabawa." Yana iya daka mata tsawa har aji ya fashe da dariya. Yana kuma iya ajiye alli ya ce, "Zo mu gwada mu gani," ko ma ya ce, "Ban sani ba, amma zan bincika, gobe ki tuna mini." Minti ɗaya abin zai ɗauka, ba kuma ita kaɗai aka ba amsa ba, sauran yaran duka suna kallo suna lissafi. A amsa ta farko sun koyi cewa gaskiya ita ce abin da mai ba da maki ke so. A ta biyu sun koyi cewa tambaya tana da tsada, gara mutum ya yi shiru ya gyaɗa kai. A ta ƙarshe sun ga babba ya amsa iyakar saninsa, girmansa bai zube ba. Yaro zai manta rabin abin da aka rubuta a allon nan kafin shekara ta zagayo, amma wannan darasi da shi zai tsaya gaban ɗan sanda, da shi zai saurari ɗan takara, da shi zai zauna a kujera in ya sami mulki.

A kan wannan John Dewey, masanin falsafa ɗan Amurka, ya gina tunaninsa. A makarantar gwaji da ya buɗe a Chikago a 1896, yara suna saƙa da sassaƙa da shuka, lissafi da tarihi suna fitowa daga matsalar da aikin ya kawo, kuma dole su yi shawara da juna kafin aikin ya tafi. A 1916 ya bayyana cewa dimokuraɗiyya ta wuce tsarin gwamnati, hanya ce ta zaman tare, don haka ba a koyonta ta hadda. Ɗan jarida Walter Lippmann ya zo da ƙalubale mai ƙarfi a 1922: duniyar zamani ta yi wa mutum ɗaya girma, ba ya ganin yaƙi ko kasuwar duniya da idonsa, hotunan da aka zuba masa a kai kawai yake bi, saboda haka gara a dogara da ƙwararru. Aflatun ke nan ya dawo cikin sabuwar riga. Dewey ya yarda da ciwon, ya ƙi maganin. A amsarsa ta 1927 ya ce ƙwararrun da suka yanke daga jama'a su ma sai su zama wani rukuni mai biyan buƙatar kansa, kuma abin gyara shi ne hanyoyin da mutane ke muhawara da samun labari.

Paulo Freire, masanin ilimi ɗan Birazil, ya kai maganar inda ta fi zafi. A Birazil ta lokacinsa wanda bai iya karatu ba ba shi da ƙuri'a, dokar da ba ta kau ba sai 1985. A 1963, a garin Angicos, shi da ɗaliban jami'a suka koya wa ma'aikata kusan 300 karatu da rubutu cikin 'yan makonni. Ba da littafin yara suka fara ba. Sukan zauna da mutanen su ji kalmomin da ke bakinsu, irin su ƙuri'a da jama'a, a tattauna abin da kalmar ke nufi a rayuwarsu, sannan a farfasa ta gaɓa-gaɓa a haɗa sababbi. Shugaban ƙasa João Goulart da kansa ya halarci darasin rufewa. Da sojoji suka yi juyin mulki a 1964, suka tsare Freire kwana 70, daga nan ya yi gudun hijira. Sojojin sun gane sarai cewa manomin da ya iya rubuta sunansa ya kuma iya tambayar wa ke da gonar, ya zama wani mutum dabam.

Nan ne mutum ke son ya ce to a yawaita makarantu, mulki zai gyaru. Tarihi bai bar mu da wannan kwanciyar hankali ba. Ranar 20 ga Janairu, 1942, manyan jami'an Jamus 15 suka zauna a wani gida a Wannsee, gefen Balin, suka tsara yadda za a kashe Yahudawan Turai. Takwas daga cikinsu suna da digirin dakta. Wanda ya shirya bayanin taron shi ne Adolf Eichmann, kuma da masaniyar falsafar siyasa Hannah Arendt ta halarci shari'arsa a Kudus a 1961, abin da ya firgita ta shi ne ba ta ga dodo ba, ta ga ma'aikaci mai tsari wanda ya kasa tunanin al'amari daga wurin wani mutum, bakinsa cike da kalmomin ofis. Masana tarihi na baya sun nuna cewa ƙiyayyarsa ta fi yadda ta zata zurfi, amma hakan bai rushe darasin ba. Ƙasar da take kan gaba a jami'o'i da kimiyya ce ta aikata wannan. Shi ya sa masanin falsafa Theodor Adorno ya ce a 1966 buƙata ta farko ga kowane ilimi ita ce kada Auschwitz, sansanin da aka yi wa Yahudawa kisan kiyashi, ta maimaitu, kuma garkuwar da ya gani ita ce mutum ya iya tunani da kansa, ya iya ƙin bin ayari.

Arendt ɗin ce kuma ta ja wa masu cewa a sakar wa yara mara gaba ɗaya birki, kuma ina tare da ita. A 1958 ta rubuta cewa yaro baƙo ne a duniyar da ta girme shi, kuma aikin malami shi ne ya tsaya ya ce masa, ga duniyarmu, ya ɗauki alhakinta. Babban da ya janye ya bar yara su mulki kansu bai 'yanta su ba, ya miƙa su ne ga zaluncin sa'o'insu, wanda ya fi na mutum ɗaya tsanani. Ta kuma ƙi a mayar da aji wurin gangamin siyasa, ko da ta alheri ce, domin wanda ya riga ya tsara wa yara sabuwar duniya ya ƙwace musu damar kawo nasu sabon abu. Yarinyar da za ta tambayi yadda aka san abu, sai an fara ba ta abin da za ta yi tambaya a kai. Wanda bai san tarihi ba, bai iya auna adadi ba, ba ya iya karanta dogon rubutu ya riƙe zarensa, sukarsa hayaniya ce kawai. Malami yana buƙatar iko, amma irin ikon da burinsa shi ne ranar da ɗalibi zai daina buƙatarsa.

Zamaninmu ya sauya tambayar ba tare da ya amsa ta ba. Tun da masana tattalin arziki irin su Gary Becker suka yaɗa kallon ilimi a matsayin jari a shekarun 1960, gwamnatoci da iyaye suka koma tambayar nawa karatu zai dawo da shi. Daga 2000 OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe masu ci gaba, ta fara gwada 'yan shekara 15 a karatu da lissafi da kimiyya, ana jera ƙasashe kamar teburin gasa, ministoci suna sauya manhaja don hawa sama. Ba na raina neman abinci, wanda ya ce wa talaka kada ya damu da aiki bai san yunwa ba. Amma abin da ake aunawa shi ake koyarwa, kuma babu jarrabawar zaɓi ɗaya cikin huɗu da za ta auna ko yaro zai iya sauraron wanda ya saɓa masa har ya gama. Akwai kuma wani dafi a ciki wanda masanin zamantakewa Michael Young ya hango tun 1958. A tsarin gado, talaka ya san haihuwa ce ta ajiye shi a ƙasa. A tsarin jarrabawa kuwa, ana gaya masa an ba shi dama shi ne ya gaza, wanda ya haye kuma ya ɗauka ƙoƙarinsa ne kaɗai, ya manta littattafan da ya tarar a gida da irin maganar da ya taso yana ji, abin da Pierre Bourdieu ya nuna makaranta na sakawa a kai kamar baiwa ce. Girman kai a sama, ɗacin rai a ƙasa. Mai neman ƙuri'a da ya iya sarrafa wannan ɗacin ba ya buƙatar wata manufa.

Sai ga waya a hannun kowa. Herbert Simon ya faɗa tun 1971 cewa yalwar bayani tana haifar da talaucin natsuwa, kuma yau kamfanonin sada zumunta a kan wannan natsuwar suke ciniki, sun kuma gano cewa fushi ya fi hujja riƙe mutum. Hotunan da Lippmann ya ce ana zuba mana a kai, yanzu kowa da nasa ake haɗa masa, bisa abin da ya saba dannawa. Daga ƙarshen 2022 kuma ƙirƙirarriyar basira ta shigo aji, tana rubuta wa ɗalibi insha'i cikin daƙiƙa. Aflatun ya taɓa sa wa Sukrat magana a baki cewa rubutu zai sa mutane su ji abubuwa da yawa ba tare da an koyar da su ba, su yi kama da masu hikima alhali ba su ba ne. Bai yi daidai ba game da rubutu, amma tsoronsa ya sami gida yanzu. Amsa ta yi araha. Abin da ya yi tsada shi ne iya tsayawa a tambayi wa ya faɗa, me zai samu in na yarda, wace hujja ce za ta sa in canza ra'ayi, me abokin hamayya zai ce in an ba shi dama. Wannan ana koyonsa ne a hankali, gaban mutum mai haƙuri, cikin wasu yara masu ra'ayi dabam.

Saura wa zai biya wannan malami ya kuma bar shi ya yi aikinsa. Sashe na 26 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ya haɗa abu uku wuri guda: karatun farko ya zama kyauta kuma dole, ya nufi cikar mutuntakar ɗan adam, iyaye kuma su ne kan gaba wajen zaɓa wa 'ya'yansu irin karatun. Hukuma, yaro, iyaye, kuma ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba. Matsalar tsohuwa ce. Imam Gazali ya karɓi kujerar koyarwa a Nizamiyya ta Bagadaza a 1091, makarantar da waziri Nizamul Mulk ya gina, ya ajiye ta a 1095, ya ɗauki alkawarin ba zai ƙara karɓar kuɗin sarakuna ko zuwa ƙofarsu ba. A 1106 ɗan wazirin ya matsa masa har ya koma koyarwa a Nizamiyya ta Naishabur. Idan mutum irinsa bai iya yanke igiyar gaba ɗaya ba, malamin firamare da ke jiran albashi ba shi ne zai yanke ta ba. Abin da zai ba shi sarari abubuwa ne na zahiri: aji mai yawan da zai iya sanin sunan kowane yaro, lokacin da jarrabawa ba ta cinye ba, horo mai kyau, da tabbacin ba za a kore shi don ɗalibansa sun yi tambaya mai nauyi ba. Dukkansu a kasafin kuɗi ake yanke su, kuma masu yankewar su ne waɗanda yaran za su fara yi wa tambayoyi in sun girma.